Muntari da Tuƙar Inabi

A Gidan Tambaya, wani ƙauye da ke bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, ba wanda ya taɓa jin Muntari ya ce bai san abu ba. In injin ban-ruwa ya ƙi tashi yana da magana, in saniya ta kumbura yana da magana, in wata ya yi husufi shi ne mai faɗin dalili. Manomin tumatir ne, yana noma wani yanki na gonar da suka gada shi da wansa Datti. Sai dai tumatirinsa ne kullum na ƙarshen nuna, domin lokacin da mutane suke tsugune suna cire ciyawa, shi yana tsaye a kan kunya yana ba su labarin yadda ake cire ta a ƙasar Sin.

A ranin shekarar 2006, Alhaji Abdurrahman, wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya ya dasa inabi a bayan ƙauyen, ya gayyato wata malamar jami'a mai suna Dakta Kubra ta yi wa manoma bayani. Muntari ya je ne saboda ya ji an ce za a raba shinkafa da lemo. Ya zauna a bencin baya, ya cinye rabonsa, ya jingina da bishiya ya yi barci. Bai farka ba sai da bayani ya kusa ƙarewa.

Ya farka daidai lokacin da take cewa a wasu ƙasashe ba a zubar da tuƙar inabi, wato ɓawo da 'ya'yan da suke ragewa in an matse ruwan. Ta ce daga 'ya'yan ana tatsar mai wanda likitoci suke yabo, daga ɓawon ana samun rini da wani sinadari mai taimakon jiki, ragowar kuma a busar a haɗa abincin dabbobi ko taki.

Daga nan ta ce, "Amma fa," ta shiga bayanin busarwa da tsabta da irin injinan da aikin yake bukata. Muntari bai ji wannan ba. Tuni ya miƙe yana kakkaɓe riga, domin a ganinsa ya riga ya gane abin fiye da mai faɗinsa.

Bai zame ko'ina ba sai gidan Madam Phoebe. Ita 'yar Filato ce, mijinta direban tarakta ne. Tana sayen inabin da ya fashe a gonar Alhaji, ta matse, ta sanyaya, ta kai bakin titin Zariya ta sayar wa matafiya. Tuƙar kuwa a bayan katangarta take jibge ta.

Muntari ya tsaya a kan jujin ya riƙe ƙugu. "Madam, kin san a kan me kike kwana kina tashi?"

"A kan katifa," in ji ta.

"A kan arziki. Wannan abin da kike zubarwa, Turawa layi suke yi a kansa."

"To ka gaya musu su zo da shebur. Na gaji da ƙuda."

"Ni zan kwashe. Amma in kamfani ya tsaya da ƙafarsa, kada ki zo ki ce kayanki ne."

"Malam Muntari, in ka kwashe har tsintsiya zan ba ka kyauta."

Baro bakwai ya yi a ranar. Ya jibge tuƙar a soron gidansa, ya lulluɓe ta da leda don kada 'yan baƙin ciki su gani su kwaikwaya. Ya samo kwali ya rubuta da gawayi: Kamfanin Muntari na Duniya, Mai da Rini da Magani. Ya kafa a ƙofar gida, ya ja da baya yana kallo.

Matarsa Salama ta leƙo daga tsakar gida. "Malam, yau fa ranar ruwanmu ce. Tun ɗazu aka buɗe wa layinmu."

"Tumatir na ƙananan mutane ne. Nan da damina ba tumatir za ki riƙa yankawa ba, kintinkirin buɗe masana'anta za ki yanka."

"To kafin nan, miyar yau da kintinkirin zan yi ta?"

Ya ci gaba da kallon kwalinsa. Ruwa ya zo ya wuce gonarsa.

A kwana na uku ledar ta kumbura kamar cikin jakin da ya ci ɗanyen wake. In ka sa hannu a ƙarƙashi sai ka ji zafi. Wani wari mai tsami ya cika soron, ya fita ya bi lungu, ƙananan ƙudaje suka yi sansani har ba a iya sallama a gidan ba tare da an haɗiye biyu ba. Masu zuwa hira suka koma gindin darbejiya. Salama ta fara shiga gida ta katangar maƙwabta.

Datti ya zo da kansa. Shi ne shugaban ƙungiyar manoman rani na ƙauyen, mutum mai kamun kai wanda ko taba aka kunna kusa da shi sai ya tashi. Ya tsaya nesa da soron, ya toshe hanci da gefen rawani, yana dafe da gwiwarsa mai ciwo.

"Muntari, me ya mutu a gidan nan?"

"Ba abin da ya mutu, Yaya. Sinadari ne yake tashi."

"Na biyo ta gonarka. Tumatirin ya sunkuyar da kai. In ka sake barin ruwa ya wuce, ni zan karɓi wurin. Ba zan bar gonar Baba ta zama fili ba."

"Yaya, kai da za a naɗa babban darakta, ina kai ina zancen tumatir."

Datti ya dube shi sama da ƙasa, ya juya yana ɗingishi.

Aikin farko shi ne mai. Muntari ya tsame 'ya'yan da ɓawon da ke manne da su, ya shanya su rabin yini, ya ce sun bushe. Ya cika buhu ya kai wurin Hananiya, mai injin niƙan ƙauyen, wanda yake kiran sa Injiniya don zolaya. Hananiya ya tura hannu cikin buhun, ya fito da shi yana naso.

"Injiniya, wannan ai jiƙaƙƙe ne. Kuma 'ya'yan nan tsakuwa ce. Injina na dawa da masara ne."

"Wannan shi ne ciwonmu a ƙasar nan. An kawo wa mutum ci gaba har ƙofar shagonsa, yana zancen dawa. In masana'anta ta tashi wa kake jin zan ba shugabancin sashen injina?"

"Ni dai a bar ni da sashen da nake."

Muntari ya yi ta magana har Hananiya ya gaji, ya ga in bai niƙa ba ba zai ci abincin rana ba. Ya tayar da inji. Da farko injin ya yi ƙara irin ta mai tauna ƙashi, sannan ya fara nishi, sannan wani baƙin kwaɓi ya riƙa fitowa a hankali kamar ba ya so. Daga nan bel ya tsinke ya mari bango. Sai da Hananiya ya ɓata yammacin nan kaf yana kankare dutsen injin da wuƙa, Muntari yana tsaye a kansa yana nuna masa inda bai kankare ba.

Duk da kankarar, abin bai fita duka ba. Washegari duk wadda ta kai niƙa ta dawo da gari mai ɗan duhu, ba ta kula ba sai da ta tuƙa tuwo. Gida goma sha ɗaya a Gidan Tambaya suka kwashe tuwo launin zoɓo, mai bauri a maƙogwaro. Kafin la'asar mata sun taru a ƙofar kamfani, kowace da malmalarta a kwano. A gabansu akwai Inna Uwa, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da ƙosai, wadda ƙullunta na ranar ya tashi a banza.

Ta miƙa masa ƙosai guda har hanci. "Ɗan nan, dubi wannan. Shekara talatin ina suya, yau aka tambaye ni ko gawayi nake sayarwa."

Muntari ya karɓa ya juya shi a hannu. "Inna, da kin san abin da ke cikin nan da kin ninka farashi. Kyauta na ƙara wa garin nan lafiya. Duk wanda ya ci tuwon nan zuciyarsa ta ƙara shekara biyar."

"Mijina ya ci loma ɗaya ya ce in koma gidanmu in koyo girki," in ji wata daga baya.

"Ai ga shi nan, har ƙarfin magana ya samu."

"To ci," in ji Inna Uwa. "Tunda lafiya ce, ci mu gani."

Ba yadda ya iya. Ya gutsuri ƙosan, ya tauna, fuskarsa ta tattare wuri guda, idonsa ya kawo ruwa. Ya haɗiye da ƙyar ya ce, "Magani ke nan." Matan ba su tafi ba sai da kowace ta juye malmalarta a gindin kwalin, ta ce ya ƙara shekarun shi kaɗai.

Baƙin kwaɓin kuma ya kai wa Salama ya ce ta matse masa mai yadda ake matse na gyaɗa. Ta zuba a turmi, ta sa ruwan zafi, ta juya har kafaɗunta suka riƙe. Ko maiƙo bai taso ba.

"Ba ki iya ba ne," in ji shi.

"Ga muciyar."

Ya karɓa ya juya sau goma, ya tsaya yana haki. "Turmin ne ba na zamani ba."

Ya bar zancen mai ya koma kan magani. Ya ɗebi tuƙar da ta kumbura, ya jiƙa a ruwa, ya tace da tsohon ɗankwalin Salama. Ya ɗanɗana ya ji tsami, sai ya zazzaga sukari da yawa. Ya ɗura a kwalaben lemo ashirin da biyu, ya toshe kowace da toton masara, ya buga da dutse har ya zauna daram, ya jera su a kan rufin ɗaki don rana ta dafa sinadarin. A wannan makon ma ruwa ya zo ya wuce gonarsa. Bai ma tuna ba.

Mutum ɗaya ne ya yarda ya gwada, kuma shi ne wanda ba a zata ba. Gwiwar Datti ta matsa masa har ba ya iya hawa keke. Muntari ya kai masa kwalba biyu ya ce kofi guda safe da yamma. Bayan kwana uku Datti ya aiko a ƙaro. Ya ce gwiwar tana nan, amma ya daina damuwa da ita. Iyalinsa suka lura yana yawan murmushi, har ran nan an ji shi yana yi wa akuya barka da yamma.

Wannan ne ya sa da aka shirya ranar baje kolin amfanin gona a gonar Alhaji Abdurrahman, wadda Dakta Kubra za ta dawo tare da manyan ofishin gona, Datti ya sa aka ba ƙaninsa tebur. Muntari ya ce shugaban kamfani ba zai tsaya gaban baƙi da 'yar shara ba, ya roƙi aron babbar rigar Datti, farar shadda mai aikin hannu wadda ba ya sa ta sai da babban dalili. Datti, da yake ransa a sake yake a kwanakin, ya ba shi, ya ce ya kiyaye ta da manja.

Muntari ya kiyaye ta da manja. Ana gobe taro ya dafa ɓawon inabi a babbar tukunya, ya tsoma rigar ciki.

Salama ta saki tsintsiyar hannunta. "Malam, rigar Yaya ce fa."

"Talla ce. In baƙi suka tambayi ina rinin, sai in ce ga shi a jikina. Shi kansa Yaya gode mini zai yi."

Abin haushi, rigar ta fito da kyau. Launi ne mai duhu kamar zoɓon da ya ji haɗi, har Salama ta tsaya tana kallo. Da ya tsaya a nan, da wataƙila labarin ya canza. Amma Muntari ya tuna ya taɓa ganin marina suna zuba wani abu don rini ya kama. Bai san ko mene ne ba, sai ya yanke cewa kanwa ce. Ya jiƙa kanwa cikin bokiti ya sheƙa wa rigar. Nan take, a gaban idonsa, launin ya juye ya koma kore-kore mai toka-toka, irin na gansakukar bakin kanal.

"Wannan kuma wane sashe ne na kamfanin?" in ji Salama.

Ya yi sauri ya mayar da rigar tukunya, amma ruwan rinin ya ƙare, gaban kawai ya samu. Da ta bushe, gaba zoɓo, baya gansakuka, hannuwa kuma sun kasa yanke shawara. Muntari ya ɗaga ta ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ai dama haka ake yayi yanzu, riga biyu a jikin ɗaya.

Ranar taro rana ta buɗe sosai. An kafa rumfuna a gefen gonar inabin, kusa da wata tsamiya da Alhaji ya rataye amyar zuma a kanta. Manoma sun jera tumatir da albasa da damman alkama. Madam Phoebe tana gefe da kular lemonta, Inna Uwa da farantin ƙuli-ƙuli, Hananiya ya rufe shago ya zo musamman, ya ce ko nawa zai rasa ba zai bari a ba shi labari ba. Teburin Muntari yana ƙarshe, a cikin rana, kwalabe sha takwas a jere, ga wata 'yar ƙaramar kwalba a tsakiya, ga kwalin kamfani. Shi kuma yana tsaye a baya yana buɗa hannuwan riga.

Datti ne ya jagoranci baƙi suna bin tebur-tebur. Da suka iso, ya dubi ƙaninsa, ya ɗan yi dariya, ya ce, "Ina ka samo wannan kuma? Ina wadda na ba ka?" Sai idonsa ya sauka a kan aikin wuyan. Dariyar ta tsaya.

"Muntari."

"Na'am, Yaya."

"Wannan aikin wuyan na san shi."

"Ai aikin bai taɓu ba, Yaya. Launi kawai aka ɗaga mata."

Datti ya buɗe baki, ya tuna akwai baƙi, ya rufe. Jijiyar goshinsa ta tashi.

Muntari ya juya wurin Dakta Kubra, ya ƙara murya don na nesa su ji. Ya ce shi ɗalibinta ne, kuma abin da ta faɗa a baki shi ya aikata a ƙasa cikin mako uku, ba tare da tallafin kowa ba. Ya ce Turawa sun yi shekara ɗari suna wannan bincike, shi kuwa da baro ɗaya da turmi ya kamo su.

"Madalla," in ji Dakta Kubra. Ta ɗauki ƙaramar kwalbar. "Wannan fa?"

"Man 'ya'yan inabi ne. Tatacce."

"Da wane inji ka tatsa? Buhu guda da ƙyar yake ba da abin kirki, kuma sai da matsi mai ƙarfi."

"Sirrin kamfani ne, Dakta."

Ta buɗe ta shinshina. Kafin ta yi magana Inna Uwa ta matso, ta karɓe kwalbar, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa.

"Man gyaɗata ne," in ji ta. "Shekaranjiya Salama ta saya. Har ƙaurin kaskona yana ciki."

Dariya ta tashi daga baya. Muntari ya ce samfuri ne, don a ga yadda na gaskiyar zai kasance in ya fito. Ya yi maza ya ɗauko babbar kwalba guda don a bar zancen.

"Ga uban tafiyar. Maganin gwiwa, da zuciya, da tsufa. Ga shaida nan a tsaye, shugabanmu, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Kwalba huɗu ya sha. Yaya, gaya musu."

Datti yana ta kallon rigarsa da ke jikin Muntari.

Dakta Kubra ta dubi kumfar da ke tasowa a wuyan kwalbar. "Tun yaushe aka toshe ta?"

"Kwana tara. A rana."

"Da sukari?"

"Da yawa. Ba ma rowa a kamfaninmu."

Ta ja da baya taku biyu. "Malam, ajiye ta a hankali."

"Ai sai an girgiza sinadarin yake haɗuwa," in ji Muntari, ya girgiza ta da hannu biyu.

Toton ya fita da ƙara kamar bindigar maharba, ya bugi hular wani babban jami'in gona ta faɗi cikin kwandon albasa. Ruwan ya yi tsiri sama ya dawo kan Muntari. Ya firgita ya ja da baya, hannun rigar ya kamo ƙafar tebur, kwalabe sha bakwai suka kife. Wasu suka fashe, wasu suka harba totonsu cikin jama'a, wasu suka riƙa juyi a ƙasa suna feshi. Baƙi suka watse, masu tumatir suka kwanta a kan kayansu. Da abin ya lafa, Muntari yana zaune a tsakiyar kumfa, jiƙe sharkaf tun daga hula har takalmi, wani wari ya game wurin.

Madam Phoebe ta shaƙi iskar, ta dubi Hananiya, Hananiya ya dubi sama.

"Dakta," in ji Madam Phoebe, "ko hancina ne?"

"Ba hancinki ba ne," in ji Dakta Kubra. "In aka jiƙa tuƙa da sukari aka toshe, abin da take zama ke nan. Na faɗa a ranar, na ce a busar da ita da wuri don kada ta fara tsami. Wannan ta zama giya."

Kowa ya juya ya dubi Datti.

"Shekara tara ina matse inabi a garin nan," in ji Madam Phoebe, "ina zuwa coci kowace Lahadi, ban taɓa bari ya kwana ya zama haka ba. Sai ga shi a gidan Malam Muntari an buɗe kamfani."

Datti ya dafa sandar rumfa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Kwalba huɗu. Ni. Safe da yamma."

"Ba da sani ba ne, Yaya. Kuma ai ka ce ka ji sauƙi."

"Na gai da akuya, Muntari."

Ya sunkuya ya zare takalminsa. Sai dai bai samu ya yi amfani da shi ba, domin akwai waɗanda suka riga shi. Ƙudan zuman tsamiyar nan sun ji ƙanshin sukari. Na farko ya sauka a kan hular Muntari, na biyu a kan leɓensa. Muntari ya ce kada kowa ya motsa, shi ya san halin zuma, in ba ka taɓa ta ba ba ruwanta da kai. Yana faɗa yana kai wa na leɓen mari. Daga nan sauran suka sauko.

Muntari ya tashi da gudu, rigar tana jan ƙasa, gaba zoɓo baya gansakuka, baƙin gungu yana bin sa. Ya ratsa ta cikin rumfar baƙi, ya tsallake damman alkama, ya taka farantin Inna Uwa, ya nufi kanal ya faɗa da ka. Jama'a suka bi shi suka tsaya a kan gaɓa, nesa kaɗan. Duk sanda ya ɗago kai ya shaƙi iska sai zuma ta sauko, ya sake nutsewa. Ruwan da ke kewaye da shi ya yi ja, sannan jan ya bi kanal ya tafi.

"Ga rinin can ya nufi Bunkure," in ji Hananiya. "Kamfani ya fara fitar da kaya waje."

Sai da aka kunna tsumma aka yi hayaƙi kafin aka jawo shi da gora. Rigar ta fito ba zoɓo ba gansakuka, ta koma launin ruwan wanke-wanke, hannu ɗaya ya yage. Fuskarsa kuwa ta fara hawa. Idanun suka shige, leɓɓan suka yi kamar an ɗora ƙosai biyu. Ya ɗaga yatsa zai yi bayani, abin da ya fito sai wani gurnani. Aka ɗora shi a baron da ya kwaso tuƙar, aka tura shi ɗakin shan magani, aka yi masa allura.

Datti bai jira ya warke ba. A yammacin nan ya tara dattawa, ya kai su gonar. Tumatirin ya bushe ƙamas, in ka taɓa ganyen sai ya marmashe. Ya ce daga yau shi zai noma wurin, Muntari in yana so ya zo ya yi aiki a ƙarƙashinsa kamar kowane ɗan ƙwadago. Ba wanda ya ce a'a. Rigar kuma ya ce kada a sake kawo ta inda yake. Ragowar tuƙar soron Salama ce ta kwashe. Dakta Kubra ta nuna mata wadda ta ruɓe ta ce a binne a yi taki, ta kuma ce in tana son ta awaki, ta karɓo sabuwa daga wurin Madam Phoebe, ta shanya ta bushe sarai, ta riƙa haɗa kaɗan a dusa. Kwalin kamfani aka hura wuta da shi.

Bayan kwana huɗu Salama ta kai niƙa. Mata suna layi, Hananiya yana ɗaura sabon bel. Ya gan ta ya sassauta murya.

"Ya jikin Injiniya?"

"Da sauƙi. Kumburin ido ya sauka. Bakin ne dai har yanzu, sai kunu da cokali."

"Bai fara magana ba?"

"Ko uffan."

Inna Uwa ta girgiza kai. "Duk wahalar nan, a ce ba a samu amfanin komai a abin nan ba."

Salama ta sauke kwanonta a bakin inji, ta gyara mayafi.

"A'a, Inna, kada a yi wa inabi ƙarya. Shekara goma sha biyu ina fama da ciwon kai a gidan nan. Yau kwana huɗu ke nan ko sau ɗaya bai sara mini ba."